Zauren Tambaya da Amsa: "Me zan gode wa a gidan yari?"

Tun da na ambaci rubutun godiya a wata fitowa ta baya, wasiƙu suke shigowa daga iyalan waɗanda ke tsare da sauran masu karatu. Na zaɓi huɗu, na taƙaita su, na kuma cire duk abin da zai sa a gane masu su.

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum Malam. Maigidana ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Sun sami saɓani da abokin hulɗarsa kan kuɗin shadda, aka tuhume shi da cin amana, aka kai shi wakafi. Sharuɗɗan belin sun fi ƙarfinmu. Wata 14 ke nan, kullum sai a ɗage shari'a. Da farko in na kai masa abinci yakan tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, har ya tsokane ni. Yanzu sai ya karɓi kula ya sunkuyar da kai, ya ce ba ya barci. Ƙanwata da ke jami'a ta ce in kai masa littafi da biro ya riƙa rubuta abin da yake gode wa Allah a kai, wai yana rage damuwa. Da na faɗa masa sai ya ce, "Ke da kike kwana a kan katifa ce za ki koya mini godiya?" Da kuka na dawo gida. Malam, abin nan yana da asali, ko shirmen Turawa ne? In yana da amfani, yaya zan yi ya karɓa?

'Yar'uwarku daga Kurna

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya kuɓutar da shi, ke kuma ya ba ki ladan wannan zirga-zirga.

Ki share hawayenki game da abin da ya faɗa miki. Ba ke ya tsana ba, kuma bai yi wa Ubangijinsa butulci ba. Nasihar godiya in ta fito daga bakin wanda zai koma gida ya kunna fanka, ɗaci take yi wa wanda za a rufe wa ƙofa kafin magariba, ko da mai nasihar matarsa ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bayan na ajiye aikin koyarwa na yi shekaru ina shiga ɗaya daga gidajen yarin garin nan ina koyar da karatu da rubutu don Allah, kuma na sha ganin masu wa'azi sun shigo da babbar riga tana tashin turare, su yi awa guda suna cewa a yi haƙuri a gode. Za a saurare su da ladabi, a ce amin, a karɓi sabulun da suka kawo. Amma wanda maganarsa ke shiga zuciya shi ne dattijon da suke kwana ɗaki ɗaya da shi.

Zaman jiran shari'a kuwa ya fi ɗauri cin rai. Wanda alƙali ya yanke wa shekara 3 ya san Sallah nawa zai yi a ciki, kowane wayewar gari rage masa yake yi. Ɗan wakafi ba shi da abin ƙirgawa. A sa masa rana, ya yi wanka, ya ɗauko rigar da yake ɓoyo, a kai shi kotu, a ce mai gabatar da ƙara bai zo ba, ko ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a, a dawo da shi da yamma. Kusan biyu cikin kowane uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya irin maigidanki ne, ba a yanke musu komai ba. A ajina ba na buƙatar a gaya mini wane ne wane. Ɗaurarre idonsa na kan allo, ɗan wakafi kunnensa na bakin ƙofa ko za a kira sunansa.

Abin da ke hana shi barci saƙa da warwara ce. Da ban ba shi kayan nan ba. Da na nemi shaida. Wa ke biyan kuɗin makarantar yara? Me ake cewa a layinmu? Zuciya ta ɗauko magana ɗaya ta yi ta juya ta har kiran assalatu, gobe ma ta ɗauko ta daga inda ta ajiye.

Maigidanki zai gane wannan misali fiye da ni. Duk mai shago a Kwari yana da littafi, da shafin abin da ya fita, da shafin abin da ya shigo. Zuciyar wanda ke tsare shafin fita kawai take cikawa, kuma ba ƙarya take rubutawa ba, asarar ta gaske ce. Sai dai kullum akwai 'yan abubuwan da ke shigowa, ƙanana ƙwarai, waɗanda ba a shigar da su ko'ina. Aikin littafin godiya shi ne shigar da su. Ba ya goge ko sisi daga asarar, amma lissafin yakan daina zama gefe ɗaya.

Ƙanwarki ba ƙirƙira ta yi ba. A 2003 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Robert Emmons da Michael McCullough, sun raba ɗaliban jami'a gida uku. Kashi ɗaya su rubuta abu 5 da suke godiya a kai sau ɗaya a mako, kashi na biyu abu 5 da suka ɓata musu rai, na uku kuma duk abin da ya faru da su kawai. Bayan mako 10, masu rubuta godiya sun fi sauran gamsuwa da rayuwarsu da kyautata zaton makon gaba, ƙorafin ciwon jiki ma ya ragu a cikinsu. Suka sake gwadawa da manya masu fama da ciwon jijiya da tsoka na kwana 21, a nan aka ga abin da ya fi shafarki: barcinsu ya ƙaru, kuma suna tashi da safe jiki a sake. A 2005 Martin Seligman da abokan aikinsa suka sa mutane rubuta abu 3 masu kyau da suka faru kowace rana, tare da dalilin faruwarsu, na mako ɗaya rak. Wata 6 bayan haka ana ganin sauƙin damuwa a tare da su, musamman waɗanda suka ci gaba da yi don kansu.

Amma kada ki ɗora wa littafi abin da ba zai iya ɗauka ba. Waɗannan da aka gwada a gadajensu suke kwana, suna fita lokacin da suka ga dama. Kuma da masana suka tattara gwaje-gwaje masu yawa daga baya suka auna, sun ga tasirinsa a kan ciwon damuwa na sosai kaɗan ne. Rangwame yake kawowa, ba waraka ba.

Batun asali kuwa, Turawa aunawa kawai suka yi. Ki buɗe Suratu Yusuf, aya ta 38. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yana cikin kurkuku a kan ƙazafi, abokan zamansa biyu suka kawo masa mafarkinsu. Kafin ya fassara sai ya ambaci tauhidin da ya gada daga iyayensa, ya ce wannan yana daga falalar Allah a kansu da kan mutane, amma mafi yawan mutane ba sa godewa. A bayan ƙofa ya faɗi haka, kuma ni'imar da ya ƙirga ita ce wadda Aziz da matarsa ba su iya ƙwace masa ba. Ga kuma hadisin Suhaibu a cikin Muslim, cewa lamarin mumini duk alheri ne, in daɗi ya same shi ya gode, in wuya ta same shi ya yi haƙuri.

To ai mu Hausawa kullum cikin godiya muke, za ki ce. Gaskiya ne, a baki. Ya aiki? Da godiya. Ya gida? Alhamdu lillahi. Mutum zai amsa haka sau hamsin kafin azahar zuciyarsa ba ta motsa ba ko sau ɗaya. Bambancin rubutu shi ne yana tilasta wa mutum ya kama suna: wane abu, yaushe, ta hannun wa.

Wani direban Adaidaita Sahu da ya zauna a ajina ya nuna mini haka. Da ya fara, kullum layi ɗaya yake rubutawa, "Na gode Allah da rai da lafiya." Bai daɗe ba ya kawo mini littafin ya ce shi ya gaji, abu ɗaya ne. Na ce masa ya bar rai da lafiya tukuna, Allah ya san yana gode musu, ya rubuta abin da ya faru yau wanda bai faru jiya ba. Ga irin abin da ya riƙa kawowa bayan nan, da izininsa nake faɗa: ruwa ya zo famfo kafin asuba, na yi alwala ban bi layi ba. Wake ya fi jiya yawa a gabza. Baban da ke kwana kusa da ni ya naɗe ƙafarsa na miƙe tawa. Wani gandiroba ya tambaye ni jikin mahaifiyata. Liman ya ba ni na ja sallar la'asar. Ki duba, kusan duk akwai mutum a ciki. Wanda ya fara lura da masu kyautata masa yakan fara kyautatawa shi ma, kuma a ɗakin da aka cusa mutane fiye da ƙima, samun mutum biyu da ke duba lafiyarka ba ƙaramin abu ba ne.

Ba sai kullum ba. Wata masaniya a Amurka, Sonja Lyubomirsky, ta gwada masu ƙirga ni'ima sau ɗaya a mako da masu yi sau uku, masu sau ɗaya ne suka amfana, su kuwa na sau uku abin bai ƙara musu komai ba. Ni nakan ce a zaɓi Juma'a, ko Litinin da Alhamis ga masu azumi, a yi bayan la'asar tun da sauran haske, don wuta ba abin dogaro ba ce. Layi uku sun isa. Ranar da aka dawo daga kotu an sake ɗagewa kuwa, ya bar shafin fari, kada ya yi wa kansa ƙarya. Annabi Yaƙubu da kansa ya ce yana kai kukan baƙin cikinsa ga Allah, aya ta 86 a surar nan, ba wanda ya ce ya yi butulci.

Yanzu yadda zai karɓa. Kada ki sake furta masa kalmar godiya. Ki sayi littafin 'yan makaranta na talakawa, marar waya a gindi, ki bi ta hannun jami'in walwala a duba a yarda, kada ki ɓoye shi a ƙarƙashin tuwo ki ja masa wata fitinar. Ki ce masa ga shi nan ko zai yi lissafi ko ya rubuta wa yara saƙo. A shafin farko ke ki fara, da hannunki: abu uku da suka faru a gida a makon. Autarku ta haddace Sabbi. Maƙwabcinku ya gyara muku indararo bai karɓi ko kwabo ba. Yaronsa na shago ya kawo cefane. Ki ƙara da abu ɗaya da ke kike gode masa a kai, na gaske, wanda ya taɓa yi miki kuma bai san kin riƙe ba. A ranar ziyara, maimakon "ya jiki, ya haƙuri," ki tambaye shi wa ya kyautata masa a makon nan don ki sa shi a addu'a. Zai yi shiru, ya yi tunani, ya ambaci wani. To ya fara ke nan, ko bai taɓa biro ba. In kuma ya mayar da littafin na lissafin bashi, ki ƙyale shi, nasa ne.

Abu biyu ki gaya masa a fili. Ana caje a ɗakuna, duk abin da ke takarda wani zai iya karantawa, don haka kada ya rubuta yadda aka yi tsakaninsa da mai ƙara, ko sunan shaida, ko zagin wani ma'aikaci. Wannan tsakaninsa da lauya ne. Na biyu kuma naki ne ki sa ido. In ya daina cin abinci, ko ya rame sosai, ko ya fara yi miki wasiyya yana cewa gara ya huta, ko yana jin maganar da ba kowa ke ji ba, to an wuce wurin littafi. A ranar ki sanar da jami'in walwala da ma'aikatan asibitin gidan, lauya kuma ya shaida wa kotu a nemi likita ya gan shi. Akwai likitocin wannan fanni a Asibitin Malam Aminu Kano da na Dawanau.

Tambaya ta biyu

Malam, ɗana ɗan shekara 22 an ɗaure shi shekara 2 kan faɗan unguwa. Ya yi nadama. Makarantar allo kawai ya yi, bai iya boko ba. Shi ma wannan rubutu zai yiwu masa?

Wani uba daga Gwale

Amsa

Alhaji, Allah ya shirya mana zuri'a. Wanda ya iya rubuta allonsa ai ya iya rubutu. Ya yi da ajami. Da shi kakanninmu suka rubuta wasiƙu da waƙoƙin wa'azi da lissafin fatauci tun kafin Turawa su shigo Kano a 1903, kuma har yau yana jikin takardar naira 500 da ta 1,000. Ba jarrabawa ba ce, ba wanda zai duba masa wasali. Muddin shi zai iya karanta abin da ya rubuta bayan wata guda, ya wadatar.

Ko babu takarda ma abin na yiwuwa. Na san wani dattijo manomi a can wanda bai iya ko ɗaya ba, boko ko ajami. Ya tara ƙwallayen dabino daga buɗa-bakin da masu hali ke kawowa da azumi. Bayan sallar isha'i sai ya zube su a gabansa, ya ɗauki ɗaya ya ambaci abu ɗaya a bayyane, ya mayar aljihu, har uku ko biyar. Samarin ɗakin suka fara yi masa dariya, daga baya suka riƙa tuna masa abin da ya manta. Faɗa wa wani ma yana da nasa amfanin, don ɗanka zai fi riƙe abin in yana da aboki ɗaya da za su riƙa tambayar juna. Imam Sarakhsi, babban malamin Hanafiyya na ƙarni na 11, yana tsare a garin Uzgand ya yi wa ɗalibansa shiftar mafi yawan littafinsa na fiƙihu da ka, suna daga waje suna rubutawa, littafin da aka buga a juzu'i 30.

Amma ni da zan so ka kwaɗaita masa ya shiga aji. Shekara 2 ta isa saurayi ya iya karanta Hausar boko da kyau, kuma waɗanda suka fi saurin koyo a wurina su ne masu abin da suke son rubutawa da kansu, ba masu kwafar allo ba. Akwai fursunonin da ke zana jarrabawar kammala sakandare daga ciki, kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, ba ta karɓar kuɗin karatu daga ɗaurarru. Kada ka yi masa alƙawarin digiri. Ka ce masa kana son wasiƙa ɗaya daga hannunsa kafin babbar Sallah.

Tambaya ta uku

Malam, mijina ya fito wata 2 da suka wuce. Ina gyara jakarsa na ga littafin da yake rubuta godiya a ciki, na karanta. Sunayen abokan zamansa ne fal, har da gandirobobi, har da wata kyanwa. Ni da na sayar da ɗan kunnena ina kai masa abinci, sau biyu kawai ya ambace ni. Raina ya sosu.

Daga Hotoro

Amsa

'Yata, kishi da kyanwa kuma? Allah ya sawwaƙe. Ki saurara. Da yawa daga cikinsu da gangan suke kauce wa rubuta sunan mata da 'ya'ya, don da zarar biro ya kai wurin, kunya da kewa suke tasowa, daren ya lalace. Littafin na abin da zai kwantar da hankali ne kafin a rufe ƙofa, ke kuwa tunaninki tayar masa da hankali yake yi, don ya san abin da ya jawo miki. Wannan sau biyun, ki koma ki tuna me ya ce a cikinsu.

Hakkinki na godiya yana nan daram, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. In ya natsu bai yi ba, ki gaya masa kai tsaye cewa kina son ji daga bakinsa. Littafin dai ki mayar inda kika gan shi, kuma kada ki kafa masa hujja da shi ranar da kuka yi faɗa.

Tambaya ta huɗu

Malam, tare da girmamawa, ban yarda da kai ba. Gidan yarin Kurmawa tun 1910 yake tsaye, garin ya ninka ba adadi. Kuɗin abincin fursuna sai a 2024 aka ɗaga shi daga naira 750 zuwa 1,125 a rana. Mutane na shekaru ba a yi musu shari'a ba. Maimakon a koya musu neman hakkinsu, kana cewa su rubuta sun gode an ƙara wake. Wannan ba lallashin wanda aka zalunta ba ne don ya yi shiru?

Ɗalibin koyon aikin lauya, Fagge

Amsa

Ɗana, na ji daɗin wasiƙarka, kuma rabin maganarka tawa ce. In hukuma ce ta raba littattafan godiya ta bar famfo a bushe, ko dangi suka aika littafi don su huta da zuwa kotu, to abin ya zama abin da ka faɗa, kuma zan taya ka faɗa. Shi ya sa ban yarda a mayar da shi dole ba, ko a riƙa karɓa ana dubawa don a ga wanda ya gyara hali.

Inda muka rabu shi ne zatonka cewa mai godiya shi ke yin shiru. Abin da idona ya gani akasin haka ne. Wanda ke yin shiru shi ne wanda ya yanke ƙauna. Shi ne zai daina tambayar ranar zamansa, ya daina aika wa lauya, wata rana ya ce wa alƙali ya amsa laifin da bai yi ba don dai a yanke masa ya san matsayinsa. Neman hakki yana son mutumin da ya yi barci, yana cin abinci, yana iya jera magana a gaban alƙali ba tare da ya fashe da kuka ko zagi ba. Koma ka karanta surar da na ambata wa 'yar'uwarmu ta Kurna. Wanda ya yi maganar godiya a aya ta 38, shi ne a aya ta 42 ya ce wa mai fita ka ambace ni a wurin sarki. Kuma da aka zo fitar da shi a aya ta 50, ƙin fita ya yi sai an koma an binciki matan da suka yanke hannuwansu an wanke sunansa.

Don haka nakan ce wa duk ɗan wakafi ya juya littafin ta baya. A shafukan ƙarshe ya rubuta ranar da aka kama shi, ranar da aka fara kai shi kotu, sunan kotun, lambar ƙara, kowace ranar zama da dalilin da aka bayar na ɗagewa. Waɗannan ba sirri ba ne, suna cikin kundin kotu, ba abin da caje zai cutar. Dangi su kwafa su ajiye a gida.

Kai ka fi ni sanin amfaninsu. Sashe na 36(5) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar. Sashe na 35(4) ya ce wanda ke tsare in ba a yi masa shari'a cikin wata 2 ba a sake shi, da sharaɗi ko babu, in ba laifin da hukuncinsa kisa ba ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum don bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, abin da lauyan ɗan kasuwar nan na Kwari ya kamata ya duba da kyau, tare da neman babbar kotu ta sassauta sharuɗɗan beli, da roƙon shugabannin kasuwa su shiga tsakani a yi sulhu. Dokar 2019 da ta mayar da hukumar gidajen yari ta zama hukumar gyaran hali ta kawo hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin al'umma. Hukumar ba da lauya kyauta ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1976, tana da ofis a Kano. Kuma Babban Jojin Jiha yakan shiga Kurmawa da Goron Dutse lokaci-lokaci ya saki waɗanda zamansu ya wuce ƙa'ida. A irin wannan rana mutane ne jingim, lokaci kaɗan. Wanda aka tambaya yaushe rabonka da kotu ya ce "an dai jima, ranka ya daɗe," da wanda ya buɗe shafi ya karanto kwanan wata da lambar ƙara, ba ɗaya ba ne a wurin magatakarda.

Iyalai da yawa da ke rubuto mini ba su san lambar ƙarar ɗansu ba, wasu ko sunan kotun ba su sani ba. In kai da abokan karatunka za ku ba da Asabar ɗaya a wata, ku zauna da su ku cike musu wannan shafi, ku kai wa lauyoyin kyauta, ka aiko mini ta ofishin mujalla, zan haɗa ku da waɗanda suka yarda.